Ko Ka Sani? Akwai Bindigar da Iska ce Albarushinta

Ko ka san akwai bindigar da ba ta shan albarushi ko kaɗan? Ba wuta, ba hayaƙi. Iskar da muke shaƙa ake dannewa a cikin ɗan tulun ƙarfe a jikinta, da an taɓa kunama sai wata 'yar ƙofa ta buɗe ta saki kaɗan, iskar ta ingiza ɗan ƙwallon darma ya fita a guje.

Fasahar ta daɗe. Wajen 1779 wani maƙeri mai suna Bartolomeo Girardoni ya ƙera wa sojojin Ostiriya irinta, suka yi aiki da ita daga 1780 har wajen 1815. Tulunta a gindin bindigar yake. Sai an buga famfon hannu kusan sau 1,500 kafin ya cika, ya ba da harbi wajen 30. Lewis da Clark, da suka ratsa Amurka ta yamma tsakanin 1804 da 1806, sun tafi da bindigar iska suna nuna wa mutanen da suka tarar.

Don a gane ƙarfin da ake magana, a leƙa rumfar masu faci a mararrabar Yashe, inda titin Kano zuwa Katsina ya haɗu da na Malumfashi da Funtua. Ana auna matsin iska da ma'aunin bar, kuma bar 1 ya yi kusan daidai da matsin iskar da ke kewaye da mu. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 da ɗan ɗoriya, ta tirela 7 zuwa 8, injin mai faci kuwa bai cika wuce 10 ba. To, bindigar iska ta zamani bar 200 take sha, wasu har 300. A bar 200, kowane wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa yana ɗauke da nauyin kusan kilo 200, wato buhu biyu na masara. Ko mai faci ya kwana yana bugawa, injinsa ba zai kai ko kusa ba.

Shi ya sa masu wannan bindiga a Turai da Amurka suka koma ga tukunyar masu nutso a teku, kayan da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka inganta a Faransa a 1943. Tukunya mai lita 12 a bar 200 tana riƙe da iskar da za ta kai kusan lita 2,400 in an sake ta, nauyin iskar kaɗai ya kusa kilo 3. Kuma iskar tatacciya ce, busasshiya, ba laimar da za ta sa tulun bindiga tsatsa daga ciki.

Ɗurin yana da ƙa'ida. Da farko a tabbatar ba harsashi a ciki, bakin bindigar kuma ba ya kallon kowa. A karanta adadin matsin da aka rubuta a jikinta. A kwantar da tukunyar ko a ɗaure ta, a jona tiyon da aka yi don wannan aiki, a rufe ɗan makunnin sakin iska. Sai a murɗa kan tukunyar a hankali, ido na kan agogon awo. Da allura ta kai adadin, a rufe tukunya, a saki iskar da ta saura a tiyo, sannan a cire shi. Wanda ya fizge tiyo da iska a ciki, bulala ce ta ƙarfe ya jawo wa fuskarsa.

Me ya sa ake nacewa a kan yi a hankali? Domin matsa iska yana haifar da zafi. Duk wanda ya taɓa buga wa keke iska ya ji yadda famfo ke ɗumi. Injin dizal ma ba shi da fulogi. Zafin iskar da aka matse ne ke kunna man. Saboda haka ɗigon baƙin mai ko girisin mota a bakin tiyo ya isa ya kama wuta a cikin ƙarfe. Man silikon kaɗai ake shafa wa robobin haɗi. Sannan iska tana kwarara ne daga inda matsi ya fi yawa zuwa inda ya yi ƙasa har sai sun daidaita, don haka tukunya mai bar 300 za ta zarce iyakar bindiga mai 200 in aka yi sake. Cikawa fiye da kima ba ta ƙara ƙarfin harbi, sai ma ta danne ƙofar iskar ta ƙi buɗewa sosai.

Babban haɗarin a ƙasarmu yana wani wuri. Daga Kankia har Kusada ba shagon masu nutso, tukunyar da ido ya saba gani ita ce ta oksijin ta masu walda da ta asibiti. Kama da wane ba ta wane. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Zallarsa a ƙarƙashin matsi yana sa mai da roba su kama da wuta nan take, tulun ya tarwatse a hannun mai shi. Ba a ɗura oksijin a bindigar iska, haka ma gas ɗin girki.

Ita kanta tukunyar masu nutson tana son kulawa. Ba a barin ta a rana ko a rufaffiyar mota, domin zafi daga digiri 25 zuwa 60 yana ƙara matsi da fiye da kashi 10 cikin 100. A ƙasashe da dama ana gwada ta duk shekara biyar, kuma da ruwa ake gwajin: ruwa ba ya matsuwa, ko ƙarfen ya tsage tsiyaya kawai zai yi.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska a jerin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake riƙe su. Wanda bai mallake ta ba ma darasin ya shafe shi, tunda tukwanen gas da na oksijin sun shigo gidaje da shaguna: a nisanta su daga rana da maiƙo, kuma kada a ɗura wa tukunya abin da ba don shi aka ƙera ta ba.