Riƙon da ke Kashe Sabis: Labarin Eriyar iPhone 4 da Yadda Masu Saye Suka Karɓe Shi

A ranar 24 ga Yunin 2010 ne kamfanin Apple ya fara sayar da iPhone 4 a Amurka, Birtaniya, Faransa, Jamus da Japan. Cikin kwana uku an sayar da guda miliyan 1.7. Amma tun a ranar farko wasu daga cikin masu sayen suka lura da wani abin mamaki: da zarar sun riƙe wayar da hannun hagu, sai sandunan sabis da ke saman fuskarta su fara raguwa ɗaya bayan ɗaya. A wasu wuraren har kira yakan yanke. Idan suka ajiye ta a kan tebur, sai sabis ya dawo.

Kafofin labarai sun raɗa wa wannan matsala suna Antennagate, inda suka kwaikwayi sunan badaƙalar Watergate ta siyasar Amurka. Har yau ita ce misali mafi shahara na yadda ƙirar jikin waya ke iya shafar sabis, da kuma yadda amsar da kamfani ya bayar kan iya ɓata wa jama'a rai fiye da matsalar kanta.

Yadda aka ƙera eriyar

Kowace waya tana da eriya, ko da ido ba ya ganinta. Ita ce ke karɓar saƙon rediyo daga turken kamfanin sadarwa, ita ce kuma ke mayar da amsa. Tsoffin wayoyi suna da eriya da ke leƙowa ta sama. Daga baya kamfanoni suka mayar da ita ciki, a ƙarƙashin murfin roba, inda hannu ba ya taɓa ta kai tsaye.

Apple ya ɗauki wata hanya daban a iPhone 4. Zoben ƙarfe marar tsatsa da ya zagaye gefen wayar shi ne eriyar. An raba zoben gida biyu ta fuskar aiki: ɓangare ɗaya na Wi-Fi da Bluetooth da GPS, ɗayan kuma na kira da intanet na layin waya. Wani siririn baƙin layi a kusurwar ƙasa ta hagu shi ne ya raba su. Dabarar tana da amfani, domin ta samar da fili a ciki don batir mai girma, ta kuma sa wayar ta yi siranta. Steve Jobs, shugaban kamfanin a lokacin, ya yi alfahari da ita sa'ad da ya gabatar da wayar a San Francisco ranar 7 ga Yuni.

Inda gizo ke saƙar shi ne fatar mutum. Jikin ɗan'adam yawancinsa ruwa ne, gumin tafin hannu kuma yana da gishiri, don haka yana iya ɗaukar lantarki kaɗan. Tsawon eriya kuwa ba a yin sa da ka; ana auna shi ne daidai da zangon da za ta yi aiki a kai. Idan tafin hannu ya rufe wancan baƙin layi, sai ya haɗa ɓangarorin biyu, eriyar ta kauce daga zangon da aka daidaita ta. Ga shi kuma hannun kansa yana shanye wani kaso na siginar. Mai amfani da hannun dama ma bai tsira ba, domin yawanci da hagu yake riƙe wayar ya latsa da dama.

Me ya sa wasu suka gani, wasu ba su gani ba?

Abin da ya ruɗa mutane shi ne ba kowa matsalar ta shafa ba. Wani zai damƙe wayar ya ga sandunansa biyar ba su motsa ba, wani kuma sabis ɗinsa ya ɓace ƙurmus. Wannan ya sa masu wayar suka yi ta musu da juna, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ke ƙarya.

Amsar tana cikin yadda ake auna ƙarfin sigina. Injiniyoyi suna amfani da ma'aunin dBm, wanda ake rubutawa da alamar ragi. Duk lambar da ta fi kusa da sifiri ta fi ƙarfi, wato -60 ya fi -100 nesa ba kusa ba. Ma'aunin ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya kamar mita. Raguwar 3 tana nufin ƙarfin ya ragu da rabi, raguwar 10 tana nufin ya ragu sau goma, raguwar 20 kuma sau ɗari.

Shafin AnandTech, wanda ya yi suna wajen gwajin na'urori, ya auna iPhone 4 ya gano cewa damƙe ta da ƙarfi a wannan kusurwa yana rage siginar da kusan 24, wato ƙarfinta ya ragu sama da sau 200. Ya kuma gano cewa wayar tana nuna sanduna biyar tun daga -51 har zuwa -91, sauran sandunan kuma an cushe su tsakanin -91 da -113, inda sabis ke ƙarewa.

Da wannan lissafi komai ya fito fili. Wanda ke kusa da turke, siginarsa tana -60, idan ya rasa 24 zai koma -84, kuma har yanzu sanduna biyar zai gani. Wanda ke -89 shi ma sanduna biyar yake gani, amma da ya rasa 24 sai ya faɗa -113, bakin iyaka. Dukansu sun yi asara iri ɗaya, ɗaya ne kawai ya ji a jikinsa. A lokacin kuma kamfanin AT&T kaɗai ke da iPhone a Amurka, kuma tun kafin nan ana ƙorafi kan sabis ɗinsa a birane irin su New York da San Francisco.

Amsar da ta ƙara rura wutar

Wani mai saye ya aika wa Steve Jobs saƙon imel yana kuka da matsalar. Amsar da ya samu gajeriya ce: ya daina riƙe wayar haka. Sanarwar kamfanin ma ta bi wannan sahu. Ta ce kowace waya takan rasa sigina idan aka riƙe ta a wasu wurare, don haka a guji rufe baƙin layin, ko kuma a sa wa wayar riga. Rigar da Apple ke sayarwa a lokacin, mai suna Bumper, zoben roba ne da ke rufe gefen wayar, kuma farashinta a 2010 dala 29 ne.

Jama'a sun fahimci wannan amsa da cewa kamfanin ya ɗora musu laifi. Mutum ya sayi waya mai tsada, an ce masa bai iya riƙe ta ba, sannan an ce ya ƙara kuɗi ya sayi maganin. Nan da nan YouTube ya cika da bidiyon mutane suna ɗora yatsa a kan layin suna nuna yadda sanduna ke zubewa. Aka fara shigar da ƙararraki a kotu. Abokan hamayya ma ba a bar su a baya ba. Nokia ta yi rubutun zolaya kan hanyoyin riƙe wayoyinta, Motorola kuma ta buga talla a jarida tana nuna cewa wayarta Droid X ba ta buƙatar riga kafin ta yi aiki.

Ranar 2 ga Yuli Apple ya fitar da wasiƙa yana cewa ya gano kuskure a lissafin da wayoyinsa ke bi wajen nuna sanduna, domin sau da yawa suna nuna biyu fiye da yadda ya kamata. Maganar gaskiya ce, kuma manhajar iOS 4.0.1 ta gyara lissafin. Sai dai gyaran sanduna bai taɓa eriyar ba, kuma masu saye sun gane haka.

Babban bugu ya zo ranar 12 ga Yuli daga Consumer Reports, mujallar da Amurkawa suka daɗe suna dogaro da ita wajen sayen kaya. Injiniyoyinta sun gwada iPhone 4 guda uku a ɗakin da siginar waje ba ta shiga, suka tabbatar da cewa matsalar daga ƙirar eriyar take. Mujallar ta ce ba za ta shawarci kowa ya sayi wayar ba, duk da cewa ta samu maki mafi yawa a sauran gwaje-gwajenta. Ta ƙara da cewa manna ɗan salatef mai kauri a kan layin yana rage matsalar.

Taron 16 ga Yuli

Jobs ya katse hutunsa a Hawaii ya kira taron manema labarai a hedikwatar kamfanin da ke Cupertino. Ya fara da amincewa cewa su ba ma'asumai ba ne, wayoyi ma haka. Ya nuna bidiyon BlackBerry Bold 9700 da HTC Droid Eris da Samsung Omnia II suna rasa sanduna idan aka damƙe su, abin da ya fusata waɗannan kamfanoni har suka mayar da martani.

Sannan ya kawo alƙaluman kamfanin. An sayar da sama da miliyan 3 cikin mako uku. Kashi 0.55 cikin 100 na masu wayar ne suka kira sashen taimako kan eriya ko sabis. Waɗanda suka mayar da wayar ga AT&T kashi 1.7 ne, alhali na iPhone 3GS ya kai kashi 6. Ya kuma yarda cewa iPhone 4 ta fi 3GS yanke kira, amma bambancin bai kai kira ɗaya cikin ɗari ba.

Daga ƙarshe ya sanar da abin da jama'a ke jira: riga kyauta ga duk wanda ya sayi wayar zuwa 30 ga Satumba, mayar da kuɗi ga wanda ya riga ya sayi Bumper, da damar mayar da wayar cikin kwana 30 a karɓi cikakken kuɗi. Apple ya ƙiyasta cewa rabon rigunan zai ci kusan dala miliyan 175.

Bayan wannan taro ƙurar ta lafa. A watanni ukun da suka ƙare a Satumban 2010, kamfanin ya sayar da iPhone miliyan 14.1. A watan Agusta Mark Papermaster, jami'in da ke kula da ƙirar na'urar, ya bar kamfanin. A Oktoban 2011 iPhone 4S ta fito da sabon tsari, inda wayar ke sauyawa tsakanin eriya biyu gwargwadon wadda ta fi kama sigina. A 2012 kuma aka sasanta ƙarar haɗin gwiwa da masu saye suka shigar a Amurka, kowa ya zaɓi dala 15 ko Bumper.

Abin da halin masu saye ya nuna

Surutun da aka yi a intanet ya fi yawan waɗanda suka mayar da wayar nesa ba kusa ba. Mafi yawan mutane sun so wayarsu. Abin da ba su lamunta ba shi ne a raina musu hankali. Makonni uku na musu sun fi matsalar eriyar ɓata wa kamfanin suna, kuma da ya amsa laifi ya ba da magani kyauta, sai maganar ta mutu.

Girman haɗarin ma yana da tasiri. A 2014, lokacin da aka yi ta yaɗa cewa iPhone 6 Plus tana lanƙwashewa a aljihu, Apple ya ce mutum tara ne suka kawo ƙorafi a kwana shida na farko, kuma cinikin wayar bai tsaya ba. Amma a 2016 da batiran Galaxy Note 7 suka fara kamawa da wuta, Samsung ya janye kimanin guda miliyan 2.5 a watan Satumba. Da waɗanda aka musanya su ma suka kama wuta, sai ya daina ƙera wayar gaba ɗaya a watan Oktoba, hukumomin Amurka kuma suka hana shiga jirgin sama da ita. Mutane sukan haƙura da aibin da riga za ta rufe, amma ba sa haƙura da wanda zai iya ƙona su.

Yadda mai waya zai gane inda matsalarsa take

Har yanzu babu ƙa'ida ɗaya da ta tilasta wa kamfanoni yadda za su lissafa sanduna. Sanduna uku a wata waya suna iya zama daidai da huɗu a wata. Don haka lambar dBm ta fi sanduna faɗin gaskiya. A yawancin wayoyin Android ana samunta a Settings, sai About phone, sai SIM status. A iPhone kuma ana danna *3001#12345#* a wurin kira. A layin 4G, lamba da ke kusa da -80 sabis ne mai ƙarfi, wadda ta kai -110 ko ta wuce kuma mai rauni ce ƙwarai.

Gwajin ba shi da wuya. A ajiye wayar a kan tebur a duba lambar, sannan a riƙe ta yadda aka saba, a jira ɗan lokaci a sake dubawa. Ɗan bambanci ba abin damuwa ba ne, domin kowace waya tana rasa wani abu a hannu. Idan tazarar ta yi yawa, a duba siraran layukan da ke gefen wayar ko bayanta, domin su ne mararrabar eriya, a lura ko hannu yana rufe su. Rigar ƙarfe ma tana iya tare sigina, don haka a cire ta a sake gwadawa.

Daga nan sai a sa layin a wata wayar a wuri ɗaya. Idan ita ma sabis ɗinta ya yi rauni, matsalar ta turke ce ko ta ginin, domin bangon kankare da rufin kwano suna rage sigina. Idan ɗayar ta kama sosai, to wayar farko ce ke da matsala, musamman in ta taɓa faɗuwa ko an buɗe ta wajen gyara, inda siririyar wayar eriya kan iya kwancewa. Waya mai fama da raunin sabis takan ƙara ƙarfin da take aikawa don ta isa turke, shi ya sa take zafi, batirinta kuma ya riƙa saurin ƙarewa.

Wanda ya gano cewa sabuwar wayarsa ce ke da aibi, ya ɗauki hoton lambobin, ya adana rasit da takardar garanti, ya koma wurin da ya saya kafin wa'adin mayarwa ya cika. Masu iPhone 4 sun samu biyan buƙata ne saboda sun nuna matsalar a fili ta yadda kowa zai iya maimaita gwajin, har kamfanin ya rasa hanyar musantawa.