Madobiya da kifin shak: gaskiya da ƙarya a zancen ƙarewarsu

A Disina ta ƙaramar hukumar Shira, idan aka tayar da zancen ƙarewar halittu, wasu kan ce ai wannan damuwar masu teku ce da kifin shak ɗinsu, mu nan itace gare mu, itace kuwa ba ya ƙarewa. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma kuskure babba.

Gaskiya ne shak mai kan guduma, wanda ake samu har a tekun Gini, ya fi shiga uku. A 2019 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Don fikafikansa ake farautarsa, ana miya da su a China. Masu cewa fiffiken kan sake tsirowa ba su faɗi daidai ba. Kifin da aka yanke aka jefar, nitsewa yake yi ya mutu.

Amma cewa itace ya tsira, wannan ƙarya ce. Madobiya, mai furen nan rawaya da ke rufe ta da rani bayan ta zubar da ganye, ta shiga jerin IUCN a 2018, mataki ɗaya kacal ƙasa da shak ɗin. Kasuwar da ke cin fiffike ita ke cin katakonta, ana ƙera kujeru masu tsada da shi. A Taraba, inda ake ce mata Madrid, an yi ta lodin gungumenta a tirela zuwa Legas har daji ya yi sanƙo.

To, ba ta tohowa ne? Tana tohowa daga kututture, wannan gaskiya ne. Sai dai tohon na fitowa awaki su cinye, gobarar daji ta ƙarasa saura, alhali itacen da zai ba da katako sai ya shekara da dama. Abin da ya fi damuna shi ne sassabe rassanta don shanu a ƙarshen rani, tun iri bai zuba ba.

Akwai kuma raɗe-raɗin wai dokar duniya ta hana makiyayi taɓa ganyenta, ko mai magani ɗibar ɓawonta. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar CITES, wadda ta sa ido kan shak ɗin tun 2014 da madobiya tun 2017, cinikin ƙetare iyakar ƙasa ta shafa. Sara a cikin gida kuwa, dokar gandun daji ta jiha ce ke da iko da shi.