Yadda ake sake buɗe wuraren sana'a lokacin annoba

 Yau za mu yi magana bisa wani abu da ya same mu gaba ɗaya, wato cutar korona, wadda likitoci ke kira COVID-19. Za mu duba yadda aka rufe wuraren neman abinci, da ƙa'idodin da suka kamata a bi in an zo sake buɗe su. Annobar ta wuce, amma abin da ta koya mana bai kamata ya wuce ba.

Abin da ya faru a ƙasarmu

Ranar 19 ga watan Maris na 2020 aka samu mutum na farko mai ɗauke da cutar a Yamai. Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa da filayen jirgin sama da makarantu. An rufe gidajen rawa da wuraren shaƙatawa, an hana taron da ya wuce mutum 50, an kuma dakatar da sallar jam'i a masallatai. A ƙarshen watan aka killace birnin Yamai, aka sa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe.

Wannan doka ta ƙuntata wa talaka. Mai shayi da mai tsire da mai tuwon dare cinikinsu bayan magariba yake. Mai lambu kuwa ya san tumatir da salati ba su jiran a buɗe hanya. Wanda sai ya fita kullum sannan a ɗora tukunya a gidansa, in an ce ya zauna gida, yunwa ce ke jiran shi. Saboda haka ba a iya barin komi a rufe ba. Ranar 13 ga watan Mayu, cikin azumi, aka buɗe masallatai, aka ɗage dokar hana fita dare. Ranar 1 ga watan Yuni yara suka koma makaranta, ranar 1 ga watan Agusta kuma jiragen sama suka ci gaba da tashi. Sai dai an buɗe ne alhali cutar tana nan. To, yaya mutum zai nemi abincinsa ba tare da ya kwaso ciwo ya kai wa iyalinsa ba?

Mu fara sanin hanyar da cutar ke bi

Ƙwayar korona tana fita daga baki da hancin mai ɗauke da ita, in ya yi tari ko atishawa, ko magana, ko numfashi kawai. Da farko an fi jin tsoron kuɗi da kaya da hannun ƙofa. Daga baya masana suka gane cewa babbar hanyarta ita ce iska. Cikin ɗaki rufaffe ƙwayoyin suna taruwa kamar yadda hayaƙi ke cika madafa marar taga. A fili kuwa iska na watsa su. Mai girki a tsakar gida ba ya shan hayaƙi kamar mai girki cikin ɗaki. Haka abin yake.

Abu na biyu da ya kamata mu riƙe shi ne, mutum na iya ɗaukar cutar ya yi kwanaki, wani lokaci har 14, kafin ta bayyana gare shi. Wani ma ba zai ji komi ba, amma yana baza ta. Don haka ba a gane mai ita da ido. Ta kuma fi yin barna ga tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya ko na huhu.

Daga waɗannan abubuwa biyu ne dukan ƙa'idodin suka fito.

Ƙa'ida ta 1: a fito da sana'a waje

A nan Allah ya yi mana sauƙi, don galibin cinikinmu dama a fili ake yin shi, ƙarƙashin rumfa ko inuwar bedi. A ƙasashen Turai da Amurka sai da hukuma ta ba masu gidajen abinci izni suka fito da tebura bakin titi. Mu abin da ya rage mana shi ne gyara. Mai sayar da abinci cikin ɗaki ya fito da bencinansa tsakar gida. Tela da mai aski su aza keke da kujera bakin ƙofa. Wanda ba ya da halin fitowa, kamar mai kanti ko mai injin niƙa, ya buɗe ƙofa da tagogi duka, iska ta shiga nan ta fita can. Rumfar da aka kewaye da zana ko leda ta kowane gefe ta zama ɗaki, sai a buɗe mata gefe biyu.

Ƙa'ida ta 2: a bar fili tsakanin mutane

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar aƙalla mita 1 tsakanin mutum da mutum, wato kamar babban taki guda. In ya fi haka ya fi kyau. Bencin da ke ɗaukar mutum 5 a bar 2 ko 3 bisanshi. Mai kanti ya ja layi a ƙasa da toka ko gawayi, kowa ya san inda zai tsaya. Ƙaramin shago kuwa a shiga ɗaya bayan ɗaya. Tsawon zama shi ma yana da haɗari: wanda ya sayi shayinsa ya tafi bai kai wanda ya zauna hira har tsakar dare shiga haɗari ba.

Ƙa'ida ta 3: takunkumi

Takunkumi ƙyalle ne da ke rufe baki da hanci. Ya fi zama wajibi ga mai sayarwa, don shi ke haɗuwa da mutane da yawa tun safe har dare. Telolinmu sun ɗinka shi da yawa a 2020. Mai kyau shi ne mai ninki 2 ko 3. A wanke shi kullum da sabuni, a shanya a rana, kada a ba wani aro. Wanda aka sauke ƙarƙashin haɓa ba ya tsare kowa.

Ƙa'ida ta 4: ruwa da sabuni a bakin kowane wurin sana'a

Ba sai an sayi kaya mai tsada ba. Buta da sabuni da roba ta tarar ruwa sun isa. Wasu suna huda bidon lita 5, su rataye shi ga icce, su ɗaura mishi igiya da sandar da ake takawa da ƙafa, ruwa ya zubo ba tare da hannu ya taɓa ba. A cuɗa hannu sosai, ciki da baya da tsakanin yatsu, aƙalla daƙiƙa 20. Abin da ya kamata mu bari shi ne kwano guda da kowa ke tsoma hannu ciki kafin cin abinci. Ruwan ya zama mai zuba ne, ba mai zama ba.

Ƙa'ida ta 5: kowa da mazubinsa

Moɗa guda bisa randa, kofin shayi guda da ke zagaya majalisa, ludayin fura da ke wucewa daga baki zuwa baki, duk al'adunmu ne na zumunci, amma lokacin annoba sai a jingine su. Mai shayi ya wanke kofi da ruwa da sabuni bayan kowane mutum. Mai tsire da mai kilishi su yanka da kansu, kada mai saye ya riƙa taɓa nama yana zaɓe. A goge tebur da benci safe da yamma. Gaisuwa kuma a yi ta da baki, hannu bisa ƙirji. Ciniki na faɗawa ko ba a tafa ba.

Ƙa'ida ta 6: marar lafiya ya zauna gida

Wannan ce ta fi wuya, don kwana guda ba ciniki hasara ce. Amma mai zazzaɓi da tari, ko wanda ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, in ya fito rumfa zai shafa wa abokan cinikinsa. Ya ba ɗa ko ƙane jiran kaya, shi kuma ya tafi likita. Maigidan da yaronsa ya kwanta, kada ya kore shi, kada ya hana mishi ɗan abin da yake ba shi. In ya yi haka, gobe yaro zai ɓoye ciwonsa ya zo aiki da shi. Tsofaffi kuma a ɗauke musu zuwa kasuwa, matasa su yi musu saye da sayarwa.

Ranar kasuwa

Kasuwar mako ita ce wurin da ƙauyuka da yawa ke haɗuwa, daga nan kowa ya koma gida da abin da ya samo. Sarkin kasuwa da maigari da shugabannin sana'o'i su ke da nauyin tsarawa. A faɗaɗa wurin, a nisanta rumfuna, a raba hanyar shiga da ta fita, a aje ruwa da sabuni ga kowace ƙofa. Masu hatsi da masu bisashe a ware su nesa da juna don cunkoso ya ragu. A tasha kada a cusa mutane cikin mota, a kuma bar gilasai buɗe. Dokar da mutanen kasuwa suka zauna suka shirya da kansu ta fi dokar da aka aza musu ɗorewa.

A buɗe sannu sannu

Ba a buɗe komi rana guda. Ana farawa da sana'ar da ake yi a fili, a jira mako 2 ko 3 a ga ko masu ciwo sun ƙaru, sannan a buɗe ta cikin ɗaki. In ciwo ya dawo sai a ja da baya. A saurari ma'aikatan lafiya da rediyo, a bar jita-jita.

A ƙarshen watan Maris na 2021 aka fara allurar rigakafin korona a Nijar. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta fita daga matsayin gaggawa na duniya. Bisa lissafin hukuma, mutum sama da 300 ta kashe a ƙasarmu. Allah ya jiƙan su.

Amma mu mun san annoba ba korona kaɗai ba ce. Sanƙarau na zuwa da rani, ƙyanda na kama yara, amai da zawo kuma ya addabi jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2021. Iska mai kyau da rage cunkoso suna taimako ga cututtukan numfashi. Wanke hannu da tsabtar kwano su ne maganin farko na amai da zawo. Don haka kada mu ɗauke butar nan da sabunin daga bakin rumfa. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.