P210, bindigar da kyawon aiki ya fitar da ita daga bariki

A garin Neuhausen na ƙasar Suwis, dab da inda kogin Rhin ke zubowa daga kan duwatsu, akwai wani kamfani mai suna SIG wanda ya soma da ƙera taragon jirgin ƙasa a shekara ta 1853. Daga nan ne ƙaramar bindigar hannu P210 ta fito, wadda masana harbi suke sakawa a sahun gaba in ana zancen ingancin ƙira.

Asalinta na Faransa ne. Charles Petter, wani ɗan Suwis da ya yi soja a rundunar Légion étrangère, shi ya tsara bindigar da sojan Faransa suka kira samfurin 1935A. SIG ya sayi izinin ƙera ta a 1937, ya share shekaru yana gyara, har sojan Suwis suka karɓe ta a 1949. Tana cin harsashi 8 masu milimeta 9, kuma kowane harbi shi ke ɗora harsashi na gaba.

To, ina sirrin yake? A galibin irin waɗannan bindigogi, murfin sama da ke ja da baya in an harba yana hawa ne bisa gangar jikin bindiga. A P210 kuwa cikin gangar yake shiga, ya bi layi tun daga gaba har baya, kamar takobi cikin kube. Saboda haka ba ya girgiɗi, kuma bayan kowane harbi bututun yana komawa daidai inda ya baro. Ƙarfen ma daga dunƙule guda ake sassaƙo shi da inji, sa'an nan gwani ya zauna ya daidaita sassan da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Gudumar da ke bugun harsashi da abin da ke tare da ita a haɗe suke, ana zaro su gaba ɗaya in za a wanke. Kafin a sayar da bindiga sai an gwada ta daga nisan metir 50, a sa takardar da harsasan suka huda cikin akwati, shaida ga mai saye. Ramukan sukan taru cikin faɗin santimeta 5, wato bai kai tafin hannu ba.

Sai dai ƴan kasuwa sun san lissafin: aikin hannu lokaci yake ci, lokaci kuwa kuɗi ne. Baitulmali ba ya sayen bindiga don sha'awa, dubbai yake saye. A 1975 sojan Suwis suka koma ga P220, mai gangar alminiyam, wadda ta fi sauƙin ƙerawa. A ganina ba su yi kuskure ba, domin hafsan da ke rataye da bindiga a ƙugu ba gasar harbi ya zo ba.

Ƙasar Danemark ce ta yi mata riƙon amana. Sojanta sun karɓe ta da sunan M/49, suna ce mata Neuhausen kawai, suka riƙe ta wajen shekara 70 kafin su canza ta da P320.