Yadda Sinadaran Hamon Ke Sarrafa Nonon Tunkiya

A ƙasashen da ke kewaye da Tekun Bahar Rum, tatsar tumaki tsohuwar sana'a ce. Manoman kudancin Faransa suna kiwon tunkiyar Lakon, wadda da nononta ake yin shahararren cukun nan na Rokfo. Mutanen tsibirin Sardiniya na Italiya suna da irin da ake kira Sarda, a Gabas ta Tsakiya kuwa akwai Awasi mai kitse a wutsiya. Nonon tunkiya ya fi na saniya kauri, domin maiƙonsa yakan kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, na saniya kuwa wajen kashi 4. To, me ke sa hantsar da ta yi watanni a bushe ta kawo nono daidai lokacin haihuwa, sa'an nan ta ƙafe daga baya? Amsar tana ga sinadaran da ake kira hamon.

Hamon wani sinadari ne da wata gaɓa ta jiki ke zubawa cikin jini, jinin ya kai shi ga wata gaɓar dabam, ya umarce ta da yin wani aiki. Wato ɗan aike ne. Wani masani ɗan Ingila, Ernest Starling, shi ya fara amfani da wannan suna a 1905. Samar da nono aiki ne na hamon da dama, kowanne da lokacinsa.

Lokacin ciki

Tunkiya takan ɗauki ciki na kimanin kwana 150. A tsawon wannan lokaci istirojin da firojestaron, tare da wani hamon da mabiyiya ke fitarwa, suna gina hantsa. Suna yawaita hanyoyin nono da ƙananan jakunkunan da a cikinsu ake haɗa shi. Amma firojestaron yana da aiki na biyu: yana hana waɗannan jakunkuna fara zubar da nono sosai. Ke nan an gina masana'anta, amma ƙofarta na kulle.

Lokacin haihuwa

Abin mamaki, ɗan da ke ciki shi ke buɗe ƙofar. Binciken da Graham Liggins ya yi a kan tumaki a Niyu Zilan cikin shekarun 1960 ya nuna cewa idan haihuwa ta gabato, jikin ɗan tayi yakan ƙara fitar da kotisol. Wannan ke sa mabiyiya ta rage firojestaron ta ƙara istirojin. Da firojestaron ya faɗi, sai furolaktin ya ƙaru a jini. Shi furolaktin yana fitowa ne daga fituwitari, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma shi ke sa jakunkunan su kama aiki gadan-gadan. Nonon farko shi ne dakashi, mai ɗauke da garkuwar cututtuka. Hanjin ɗan tunkiya ba ya iya tsotse wannan garkuwa sai a cikin kwana guda na farko, don haka jinkirin ba shi dakashi na iya jawo mutuwarsa.

Saukar nono

Haɗa nono daban, saukar da shi daban. Idan ɗa ya kama kan nono, ko mai tatsa ya taɓa shi, jijiyoyi sukan kai saƙo ƙwaƙwalwa, sai fituwitari ya saki oksitosin. Shi kuma ya matse jakunkunan, nono ya gangaro. Ƙarfinsa ba ya wuce 'yan mintoci a jini. Idan tunkiya ta tsorata saboda duka, ihu ko haushin kare, adiranalin yakan tsuke hanyoyin jini ya hana oksitosin aikinsa, sai a ce ta riƙe nono. Tumakin tatsa sukan tara fiye da rabin nononsu a babbar ma'ajiyar hantsa, wanda ake samu ko babu oksitosin. Sai dai ragowar, wanda ya fi maiƙo, ba ya sauka sai da shi.

Ganiyar shayarwa da ƙafewa

Nono yakan kai ganiyarsa wajen mako 3 zuwa 4 bayan haihuwa. A lokacin abincin da tunkiya ke ci sau da yawa ba ya biyan buƙatar hantsa. Sai insulin ya ragu, hamon na girma ya ƙaru, jiki ya shiga narkar da kitsen da ya ajiye, sukarin jini kuma ya karkata zuwa hantsa. Dalilin ramar tunkiya mai shayarwa ke nan. Daga nan nono yakan riƙa raguwa sannu a hankali. Idan aka bar shi ya kwanta a hantsa ba tsotso ba tatsa, shi kansa yakan zama alama ga jakunkunan su daina aiki, har hantsa ta ƙafe.

Darasi ga mai kiwo

Tumakinmu irin su Uda, Balami da 'Yankasa an fi kiwonsu domin nama, amma wannan tsari ɗaya ne a jikinsu, kuma rayuwar 'ya'yansu ta rataya a kansa. Yawancin girman ɗan tayi da na hantsa yana faruwa ne a makonni 6 na ƙarshen ciki. Tunkiyar da ta yi waɗannan makonni cikin yunwar rani, musamman mai ɗauke da tagwaye, takan haihu da ƙarancin dakashi da nono. Saboda haka ya kamata a ƙara mata harawa, dusa ko anguryar auduga a wannan lokaci da kuma watan farko na shayarwa, a wadata ta da ruwa, a tabbatar ɗanta ya sha dakashi cikin sa'o'in farko, a kuma guji firgita ta. Hamon yana ba da umarni ne kawai. Kayan aikin kuwa daga akurkin mai kiwo suke fitowa.

Ɗalibai na iya auna nauyin ɗan tunkiya kowane mako na tsawon wata biyu su rubuta sakamakon. A makonnin farko, kafin ya fara cin ciyawa sosai, ƙaruwar nauyinsa ita ce ma'aunin nonon uwarsa.