Ruwan Kano Daga Kan Duwatsu Yake Tasowa

 Yau kudancin jihar Kano muka nufa.

Direbobin hanyar Jos sun san yadda ƙasa ke sauyawa a farkon damina. Sai mota ta baro birni cikin ƙura, ta karya ta Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, kafin ta wuce Tudun Wada ta faɗa dajin Falgore, ƙasa ta yi shar, masarar Doguwa har ta fara ɗagowa. A birnin Kano, ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 800 da 900. A Doguwa kuwa yana haura 1,000, kuma yana riga sauka, yana daɗewa bai ɗauke ba.

Kasancewa a kudu na cikin dalili, amma tudu ma na da hannu. Iskar damina daga Tekun Atlantika take tasowa ɗauke da danshi. In ta ci karo da dutse dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, hadari ya haɗu ya zubar da abin da ya ɗauko. A gaɓar tekun Kamaru, ƙauyen Debundscha da ke gindin Dutsen Kamaru yana samun kusan milimita 10,000 a shekara saboda haka. Mu teku ya yi mana nisa, amma duwatsun Riruwai na ƙasar Doguwa, da suka haura mita 1,000 alhali birni bai kai 500 ba, suna tatsar nasu rabon.

Wannan ruwa ba a Doguwa yake kwana ba. Rafuka ne ke gangaro da shi cikin Kogin Kano, ya ratsa Falgore ya taru a madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko. An gina ta ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Mai tumatir a Kadawa, mai shinkafar rani a Kura da Bunkure, har masunta a fadamun Hadeja da Nguru, duk ruwan kan duwatsun nan suke jira.

Shi ya sa hayaƙin gawayi a gefen Falgore yake tayar mini da hankali. Inda aka sare itace, ruwa ba ya tsayawa ya nutse. Gudu yake yi, ya kwashi ƙasar gona ya jibge a cikin Tiga, madatsar ta riƙa cikewa da laka.

Akwai kuma maganar awo. Ma'aunin ruwan sama na filin jirgin saman Malam Aminu Kano ba zai gaya wa manomin Riruwai ranar shukarsa ba. Ya kamata hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kogunan Hadeja da Jama'are su yawaita ma'aunai daga gindin duwatsu har samansu, a riƙa karanta sakamakon da Hausa a rediyo kowane mako.

Bayan ɗan hutu, za mu leƙa bakin madatsar Tiga. Ku biyo mu.