Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ya Ke Yoyo

A dā, in ana so a san ƙwazon malami, sai mai duba makarantu ya zo ya zauna a bayan aji, ya rubuta rahoto. Daga baya manyan makarantu suka ƙara wata hanya, watau a ƙarshen zango a tambayi ɗalibai da kansu yadda darasi ya tafi. Da fari a takarda a ke amsawa, yanzu kuwa makarantu da yawa sun koma intanet.

To, a nan gizo ke saƙa. A 2008 Duncan Nulty, na Jami'ar Griffith ta Ostareliya, ya tattara binciken da aka yi a kan wannan, ya tarar ɗalibai 56 cikin 100 su ke amsawa a takarda, amma ta intanet 33 kaɗai. Watau a aji mai mutum 60, bakin mutum 20 ne za a auna malami da shi, saura 40 sun yi shiru. Wannan ba adalci ba ne ga malami, ba kuwa taimako ba ne ga ɗalibi.

Maganar nan ta shafe mu a Kaduna, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tudun Wada, wadda tushenta ya faro a 1956, da Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, su ke da ɗalibai dubbai.

Mu a ganinmu magani uku ne. Na fari, a kawar da tsoro. Yaron da aka rene shi da girmama malami ba zai faɗi aibinsa ba, sai an tabbatar masa ba za a ga sunansa ba, kuma malamin ba zai ga amsoshin ba sai an fitar da sakamakon jarrabawa. Na biyu, kada a ce kowa ya yi a gida. A ware minti 10 cikin aji, malami ya fita, kowa ya cika a wayarsa, tambayoyin kuwa su zama kaɗan.

Na uku shi ne babba. In zango ya kewayo, malami ya tsaya gaban aji ya ce, 'yan bara sun koka da abu kaza, ga gyaran da aka yi. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya ga maganar yayyensa ta yi aiki ba sai an roƙe shi ya faɗi tasa ba.

Allah ya ba malamanmu haƙurin sauraro, amin.